Sharar kantin lakwal: wa ke riƙe da kaye?

Ƴan'uwa masu karatu, in akwai kantin a lakwal ɗin garinku, ku zagaya bayan madafa wata rana, bayan yara sun ci abincin rana. Ku tsaya ku duba. Za ku ga sauran tuwo, da toka, da gwangwanin mai, da yagaggen buhu, da ledoji, duka a tsibi guda. Ƙudaje na bisa, awaki na tono. In tsibin ya yi girma, sai a cinna mashi wuta.

Ni ina ganin wannan ɓarna ce. Abincin kantin ba daga sama ya faɗo ba. Gwamnati na sa hannu, hukumar PAM ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi shekaru tana taimakawa, mu ma iyaye muna kawo itace da ruwa. Abin da ya zo da wahala haka, bai kamata rabinsa ya ƙare a wuta ba.

Mu Hausawa ba baƙin wannan aiki ba ne. Uwar gida ba ta zubar da ƙanzo. Manomi ba ya zubar da kashin shanu. Wanda ya taɓa shiga kasuwar Katako a Yamai ya ga yadda maƙera ke maida tsohon ƙarfe murhu, da bokiti, da akwati. To, me ya sa abin da muke adanawa a gida, in ya zama na lakwal sai mu bar shi ya lalace? Don muna cewa na gwamnati ne, ba na kowa ba.

Dabarar ba ta da wuya. A raba shara tun kafin ta haɗu. In sauran miya ya zuba kan buhu, buhun ya tashi aiki, ba mai sayensa. Saboda haka wuri uku ake so kusa da madafa: rami na abin da ke ruɓewa, kwando na leda, da lungu guda cikin mangaza na gwangwani da buhu da bido.

Ramin shi ne babba. A gina shi cikin inuwa, nesa da rijiya. A shimfiɗa kara ko ciyawa a ƙasa. A zuba ɓawon albasa, da ganye, da sauran abincin da dabba ba ta ci ba. A barbaɗa toka kaɗan, a sa kashin dabbobi, a yayyafa ruwa. Haka za a yi ta jerawa. Bayan kamar sati 2 a juya. In ba a bar shi ya bushe ba, cikin wata 2 zuwa 3 zai zama baƙin taki mai ƙamshin ƙasar damina. Amma kar a jefa leda, ko kwalba, ko mataccen pil na tocila. Pil yana da guba, ba abokin taki ba ne.

Takin nan a kai shi garkar lakwal. Ruwan da aka wanke shinkafa da shi ma can za shi. Zogala da yakuwa da tumatir sai su dawo cikin tukunyar yara.

Leda kuwa, ita ce mugunyar. Ba ta ruɓewa. Na taɓa rasa akuya mai ciki. Tana ta rama, mun yi magani har mun gaji. Da aka yanka ta, mahauci ya fiddo dunƙulen leda daga tumbinta, ya kai girman ƙwarya ƙarama. Tun ran nan ba na iya wuce leda a ƙasa. A shekarar 2014 ƙasarmu Nijar ta yi doka ta hana yin ledoji marasa kauri, da shigo da su, da saida su. Amma ku da kanku kun san abin da ke rataye bisa ƙayoyin bakin gari. Doka ba za ta zo ta tsince ta bayan madafarmu ba. Kuma ina roƙon mata masu dafuwa, a daina hura wuta da leda. Na san tana kamawa da sauri, musamman in itace ya jiƙe. Amma hayaƙin nan ku ke shaƙarsa, da jaririn da ke goye a bayanku.

Wani zai ce: "Malam, mun kai ɗiyanmu lakwal su yi karatu, ba kwasar shara ba." Yana da gaskiya, ban ƙi ba. Kar a maida aikin horo, a ce wanda ya makara shi zai shiga rami. Yaron da aka hora da abu, ƙin abin zai yi har girmansa. Aikin yaro ɗan kaɗan ne: ya gama ci, ya sa kowane abu a wurinsa, ya wanke hannu da sabulu. Gina rami, da juya taki, da taɓa gwangwani mai kaifi, wannan na manya ne.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Na ga an fara wannan aiki a wani ƙauye inda na karantar da manya. Wata na farko kowa na murna. An tara gwangwanaye da buhuna, an kai kasuwa, an saida. Da aka zo taro, wani ya ce kuɗin kaza ne, wani ya ce a'a, sun fi haka. Ba a rubuta ba. Wataƙila ba wanda ya ci ko dala. Amma zato ya shiga. Matan da ke ɗebo ruwa suka janye, ramin ya bushe, shara ta koma tsibi guda. Ba rashin rami ya kashe aikin ba, rashin kaye ne.

Kuɗin ba su da yawa, shi ya sa ake raina rubuta su. Mu yi lissafi. A ce buhu guda dala 20 ne. Buhu 10 sun zama dala 200, wato jika guda. Jika guda ta sayi sabulun wanke hannu, ko irin shuka. In ta ɓace ba a san inda ta bi ba, ta isa ta raba kan gari.

Kar a ɗora wa mushe wannan kaya shi kaɗai. Yana da aji cike da yara, kuma gobe ana iya maida shi wani gari. Akwai kwamitin kula da lakwal, wanda muka saba kira COGES. Akwai ƙungiyar iyaye mata. Cikinsu ne za a fidda mutum biyu: ɗaya ya riƙe kuɗi, ɗaya ya riƙe kaye. Kar mutum guda ya haɗa biyun, ko da limamin gari ne. Wannan kare mutuncinsa ne, ba zargi ba.

Wa zai riƙe kayen? Ke, da kika koyi rubuta sunanki bara. Kai, da ka iya tarawa da ɗebewa yanzu. Kar ku ce hannunku bai faɗa ba tukuna. Ba faransanci ake nema ba. A rubuta da Hausa, yadda mai dafuwa za ta ji in an karanta mata.

Ku ja layi, ku raba shafi gida huɗu: rana, abin da aka saida, kuɗin da suka shiga, kuɗin da suka fita. Mai saye ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Kowane ƙarshen wata a karanta shafin da ƙarfi gaban jama'a, a ƙirga kuɗin a kan tabarma. Ranar taron iyaye mai zuwa, ku tafi da kaye da bik ɗinku. In kuna tsoron kuskure, ku kawo shafin farko aji, mu ja layukan tare a kan allo.