Fetur Yana Ƙarewa, Saniya Tana Haihuwa

'Yan uwa fataken shanu na Hillat Kuku da na kasuwar Muwailih a Omdurman.

Wasu za su ce ina ruwan mai shanu da maganar fetur? To, da ruwanmu. Yankin Muglad, inda Misiriyya ke kiwon shanun da muke saye, a ƙarƙashinsa ne man yake kwance. Masana duwatsu sun ce tsagewar ƙasa ce ta tun dauri ta yi kwari, laka da matattun halittu suka taru, zafi ya dafa su har suka zama mai. Irin wannan kwarin ne a Doba ta Chadi, da Agadem ta Nijar, da Kolmani tsakanin Bauchi da Gombe.

Kamfanin Chevron na Amurka ya gano mai a ƙarshen shekarun 1970, sannan a Hijlij a 1982. Yaƙi ya sa ya dakata a 1984, ya tafi a 1992. A 1999 aka kammala bututu mai tsawon kimanin kilomita 1,600 zuwa Port Sudan, aka fara fitar da mai. Daga nan hankalin hukuma ya koma kan rijiya, aka yi wa noma da kiwo riƙon sakainar kashi. A 2011 Kudu ta ɓalle da kashi uku cikin huɗu na man. Matatar Jaili kuwa ta kama da wuta a Janairun 2025, cikin yaƙin da ya ɓarke a 2023.

Shanu da tumaki fa? Ai yawancinsu a Arewa suka rage. Bayan 2011, dabbobi da zinariya ne suka riƙa kawo kuɗin waje.

Ni ban ƙi a haƙa mai ba. Motar da ke kawo mana shanu da gas take tafiya. Amma in ƙura ta lafa, kamfanoni za su dawo neman sababbin rijiyoyi. Ra'ayina, ƙungiyarmu ta shirya buƙatunta a rubuce tun yanzu: kada a toshe burtali, kada a zubar da ruwan dattin rijiya inda dabba ke sha, kuma a ware wani kaso na kuɗin mai don allurar rigakafi da mashaya. Kada mu bari sai an kafa injin sannan mu fara kuka.

Allah Ya zaunar da Sudan lafiya, Ya sa albarka a garke. Amin.