Naira Dubun Rarara da Bakin Mawaƙi

A shekarar 2020 Dauda Kahutu Rarara ya ce ba zai saki sabuwar waƙar Shugaba Muhammadu Buhari ba sai masoyan Shugaban sun tura masa naira dubu ɗaiɗai. Nan take aka yi masa ca. Wasu suka kira abin bara, wasu suka ce wayo ne na cin kuɗin talaka. A ganina masu sukar sun bar jaki suna dukan taiki, domin neman kuɗin masu sauraro ba shi ne aibin ba.

Duk ɗalibin adabi ya san bambancin makaɗan fada da makaɗan jama'a. Narambaɗa yana ƙarƙashin Sarkin Gobir na Isa, daga can riga da doki suke fitowa, can kuma bakinsa yake. Shata da Ɗanmaraya Jos kuwa da taro suka dogara: a yi liƙi, a yi kari, kowa gwargwadon aljihunsa. Sabon abin da Rarara ya kawo shi ne a yi liƙin kafin a ji kiɗa. Ko wannan ma an riga shi. A 2012 Amanda Palmer, mawaƙiyar rok a Amurka, wadda ta rabu da kamfanin da ke buga mata faifai, ta nemi masoyanta su ɗauki nauyin kundinta ta dandalin Kickstarter. Mutum kusan 25,000 suka tara mata fiye da dala miliyan ɗaya.

Abin da masoyan Palmer suka saya shi ne ’yancinta, ta rera abin da ta ga dama ba tare da kamfani ya sa mata linzami ba. To, masu naira dubu me suka saya? Yabon mai mulki. Talaka ya cire daga kuɗin cefanensa ya biya waƙar da a al'ada ubangida ke biya, mawaƙi kuma bai fita daga fada ba. Sigar makaɗin jama'a ce aka aro aka yafa wa aikin makaɗin fada. Da Rarara ya juyo a 2023 yana sukar mulkin Buhari a gaban ’yan jarida, waɗanda suka biya ba su da ta cewa, don tun farko ba a yi musu alkawarin komai ba ban da yabo.

Inda nake ganin dabarar za ta yi rana shi ne wurin Hausawan Sudan, mazauna ƙauyukan Jazira da gaɓar Shuɗin Nilu, irin su Mai Wurno da aka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Mawaƙin Hausa a can ba shi da kasuwar Kano, ba shi da ɗan siyasar da zai ba shi mota. A'isha Falatiya, wadda ta rasu a 1974, da waƙar Larabci ta yi suna a rediyon Omdurman, kuma har gobe Larabci ne ke da kasuwa. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya tarwatsa garuruwan Jazira, taron biki da ake liƙi a cikinsa ya yi wuya. Amma ’yan uwa da ke Saudiyya da Masar suna tura kuɗi gida ta manhajar Bankak. Idan mutum ɗari biyu suka haɗa abin da zai kai mawaƙi ɗaya ɗakin ɗaukar sauti, za a adana Hausar da ta yi fiye da shekara ɗari tana cuɗanya da Larabci, wadda jikoki da yawa sun fara jin ta sama-sama.

Sharaɗina biyu ne. Mawaƙi ya faɗi tun farko abin da zai rera da ranar da zai sake shi, sannan ya bayyana nawa aka tara da inda kuɗin ya shiga. Ita kanta Palmer ta sha suka a kan kuɗin, musamman da ta nemi makaɗa su taya ta wasa kyauta bayan ta tara miliyan, har sai da ta koma ta biya su.