Addu'a Ba Makamin Ragwaye Ba Ce

Akwai wata magana da ke yawo a cikin ikilisiyoyi duk sa'ad da tsanani ya taso. Masu yin ta suna cewa addu'a ta yi iyakar ƙoƙarinta, kunci biyu ne Allah ya ba mutum, an kuma mari duka biyun, saura sanda da adda. Waɗansu ma sukan zagaya da dare wurin boka neman laya da maganin ƙarfe, ran Lahadi kuma su zo su zauna a kujerar gaba. Wannan koyarwa ƙarya ce, ya kamata a faɗa mata sunanta a fili.

Ba wanda ke musun zafin abin. Ran Jumma'a 16 ga Janairu 2015 a Damagaram, kashegari kuma a Yamai, masu zanga-zanga a kan zanen da jaridar Charlie Hebdo ta Faransa ta buga suka huce haushinsu a kan Kiristan Nijar, waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Mutum 10 suka rasu. A Yamai kaɗai hukuma ta ƙidaya majami'u 45 da aka sa wa wuta. Wanda ya ga tokar Littafinsa Mai Tsarki, dole zuciyarsa ta tafasa.

Amma mai cewa addu'a ta kasa, me yake nufi? Yana nufin Allah ya yi barci ran nan, ko kuwa mulki ya kuɓuce masa. Littafi Mai Tsarki bai san irin wannan Allah ba. A Ayyukan Manzanni sura 4, bayan an yi wa Bitrus da Yahaya kashedi, masu bi suka taru suka ɗaga murya. Da fari suka shaida cewa Allah ne Mamallaki, wanda ya yi sama da ƙasa, har abin da Hirudus da Bilatus suka yi wa Yesu bai fita daga nufinsa ba. Ba su roƙi halakar magabtansu ba. Ƙarfin hali suka roƙa domin su ci gaba da shelar Magana.

Sura 12 ta fi wannan wuya. Hirudus ya kashe Yakubu da takobi, ya kulle Bitrus. Ikilisiya ta dage da addu'a, mala'ika ya fito da Bitrus. To, Yakubu fa? Bangaskiyarsa ce ta gaza? Ko kaɗan. Allah ɗaya ne ya karɓi wannan, ya bar wancan domin sauran aiki. Addu'a ba ciniki ba ce da za a biya a karɓi tsawon rai. Mai ɗaura laya yana neman ikon da zai juya da hannunsa. Mai addu'a kuwa ya miƙa kansa ga ikon da ya fi shi. Taura biyu ba ta taunuwa.

Masu ramuwa sukan ce, ashe sai a naɗe hannu a jira yanka? Ba haka ba ne. Bulus ya tsere daga Dimashƙu cikin kwando, ya nemi haƙƙinsa na ɗan ƙasar Roma, ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar. Mai bi yana da damar ya ɓoye iyalinsa, ya kai kuka ga hukuma, ya nemi shari'a da diyya. Abin da ba shi da dama shi ne ya ƙone gidan maƙwabcinsa. A kwanakin nan na 2015 akwai Musulmi da suka ɓoye Kirista a ɗakunansu. Wutar ramuwa ba ta tambayar suna kafin ta ci.

Masu bi da yawa a Yamai sun koma sujada a cikin gine-ginen da suka ƙone, shugabanninsu kuma suka furta gafara a fili. Wannan ya fi ɗaukar adda wuya. Istifanas ya yi wa masu jifansa addu'a, saurayin da ke tsaron rigunansu kuwa shi ne ya zama Manzo Bulus. Ikilisiyar da ta bar durƙuso ta kama makami ta yar da abin da ya sa take ikilisiya, ko da ba a taɓa gininta ba.