Ku Koya Wa 'Ya'yanku Giyar Hannu

Ina da ja da iyayen Zongon Kwatano masu cewa zamanin mota mai kuloci ya wuce. Wai tunda otomatik ta cika filayen sayar da motocin gwanjo na Sekanji, yaro ya iya totur da birki ya wadatar. Wannan ganganci ne!

A unguwarmu tuƙi sana'a ce. Daga tashar jiragen ruwan Kwatano zuwa Malanbil, bakin iyakar Nijar, tafiyar sama da kilomita 700 ce, kuma akasarin tireloli da motocin hayar da ke bin hanyar nan giyar hannu gare su. Wane ubangida ne zai miƙa makulli ga matashin da ƙafarsa ta hagu ba ta san aiki ba? In batir ya mutu a dajin Kandi, mai kuloci turawa za a yi ta tashi. Otomatik kuwa sai jiran bakanike.

Ban ce a saki ɗan shekara 14 cikin cunkoson zemijan na Dantokpa ba. A samu fili, a zaunar da shi gefen direba dattijo, ya kashe mota sau goma har ƙafarsa ta saba, in ya cika 18 ya nemi lasisi. Wanda ya iya manuwal zai tuƙa kowace mota, ɗan otomatik kuwa rabin direba ne.