A yi maka tiyata da safe, ka kwana gida: amma gidan wa?

Ƴan uwa, kwanan baya na raka innata likita. Wata uku tana fama da ciwo a ƙasan haƙarƙarin dama, musamman in ta ci abinci mai maiƙo. An ce olsa ce, ta sha magani har ta gaji. Sai da aka yi mata eko aka ga tsakuwa ce a matsarmama, ƴar jakar nan da ke manne da hanta tana ajiye ruwan ɗaci. Likita ya ce a cire ta.

A nan na fara jin labarin tiyatar kamara. Ba a tsaga ciki. Ana huda ƙananan ƙofofi uku ko huɗu, kowace wajen santimita ɗaya ko ƙasa, a hura iska ciki ya ɗaga, a zura kamara, likita yana duban allo ya ciro jakar. Erich Mühe ya fara yin ta a Jamus a 1985, Philippe Mouret ya yi a Lyon ta Faransa a 1987. Yau a ƙasashe da dama mutum ya shiga da safe, da marece yana gida, sati ɗaya ko biyu ya koma aikinsa. Tsohuwar hanya kuwa, kwanaki a gado, sannan wata guda ko fiye kana jinya. Ga manomi, ga mai tuyar ƙosai, wannan bambancin kuɗi ne.

To amma mu yi wa juna gaskiya. Wanda ake sallama a ranar, sharaɗinsa ya kasance kusa da asibiti, da mai kula da shi daren farko, da waya a hannu. In zazzaɓi ya taso, ko amai, ko ido ya yi shawara, ko ciwo ya ƙi lafawa, ana iya samun ruwan ɗaci na yoyo a ciki, dole a komo da gaggawa. Daga Dakoro zuwa Maraɗi ya fi kilomita 100. Wa zai ɗauko tsohuwa da tsakar dare daga wani ƙauye bayan Kornaka?

Sai maganar kuɗi. Tun 1 ga Satumba 2024 gwamnati ta rage kuɗin jinya da rabi a asibitocinta, kuma mun yaba. Sai dai abin da ya cinye aljihunmu ba a takardar asibiti yake ba: kuɗin mota na mutum biyu, gwaje-gwaje, ordinanci, abinci, wurin kwana. Kwanan da asibiti ya rage wa kansa, a kan iyali yake faɗowa.

Kuma kada mu ce ciwon tsofaffi ne. Masu amosanin jini, wato sikila, tsakuwar nan tana kama su tun suna matasa. Dubi unguwarku, ka san su.

Abin da muke nema ba ya da yawa. Na ɗaya, eko mai aiki da wanda ya iya ta a matakin gunduma, don a daina sha wa tsakuwa maganin olsa. Na biyu, a manna farashin tiyatar gaba ɗaya a bango, mutum ya san akuya nawa zai sayar kafin ya hau mota. Na uku, duk inda ake sallama a ranar, a tanadi masauki kusa ga mutanen nesa, da lambar da in an kira za a ɗauka. Na huɗu, a horar da likitocinmu, a kuma sa kuɗin gyaran na'ura da janareta a kasafi.

Innata ta warke, alhamdulillahi, don muna da dangi a birni da suka ba mu ɗaki. Wanda ba ya da kowa fa? Ku faɗa mana abin da kuka kashe, mu tattara mu kai gaban masu iko.