A bar wa yaro belinsa

Jama'a makiyaya da 'yan tireda na dabbobi, yau za mu yi magana a kan cire beli, wanda wasu ke kira hakin wuya. A gidajen Hausawa da yawa wanzami ne ke yanke shi tun jariri bai wuce kwana 7 ba, wai don kada ya kumbura ya toshe maƙogwaro. A rugage kuwa an fi yanke shi in yaro ya ƙi nono, ko yana amai da zawo.

Mu dai ra'ayinmu shi ne a daina. Allah bai halicci beli a banza ba. Shi da tattausar ganɗar da yake rataye a jikinta su ke rufe hanyar hanci in mutum yana haɗiya ko magana. Gaskiya ne yara da yawa an cire musu kuma suna magana garau. Amma bakin jariri ƙarami ne, ga shi yana kuka yana motsi. In aska ta zarce ta ci ganɗa, ƙofar ba za ta ƙara rufuwa daidai ba. Sai nono ya riƙa fitowa ta hanci, in ya girma murya ta fita a hanci-hanci. Yaron da zai kira garke daga nesa, ya yi ciniki a kara, ya fidda ƙaf da gain a makarantar allo, da wace murya zai yi?

Wannan ma in an tsira ke nan. Wani bincike da aka buga a 1994 a kan Nijar ya nuna kusan yaro 1 cikin 5 da aka duba an cire masa kafin shekara 5. Ya kuma ambaci zubar jini, da ciwon tetanus mai kulle haƙora, da faɗawar guntun naman cikin hanyar numfashi. Mu da ke tafiyar yini kafin mu kai gidan likita, in jini ya ƙi tsayawa ina za mu nufa?

Ba faɗa muke da wanzamai ba, mutanenmu ne. Su yi askin suna, a yanka rago, a ba su haƙƙinsu. In yaro yana zawo, a ci gaba da ba shi nono da ruwan gishiri da sukari, a kai shi likita da wuri. Ba ma yarda a sa wa ɗan maraƙi wuƙa ba dalili, balle ɗan da muka haifa.

Allah ya raya mana zuri'a.