Gyatsar saniya da ƙwaryar nono

A ranin da ya wuce, muna yi wa shanu allurar rigakafin ciwon huhu a wani mashekari kusa da Badagishiri, wani dattijo ya tare ni da tambaya. Ya ji a rediyo an ce shanu na cikin masu ɗumama duniya. Ya nuna mini wata saniya da ake iya ƙirga haƙarƙarinta daga nesa, ya ce: "Likita, yanzu wannan baiwar Allah ita ce ta hana ruwa sauka?" Kowa ya yi dariya, har da ni. Na ce masa: "Baba, ba ita ba ce." Amma na bar wurin ina jin rabin amsa na ba shi, shi ya sa nake son in cike sauran a nan.

Saniya ba ita kaɗai ke cin abincinta ba. A cikin tumbinta akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ne ke narka kara da ciyawa, ita kuma ta rayu da abin da suka sarrafa. Cikin wannan aiki ne wata iska ke tashi, sunanta metan, kuma galibinta ta baki take fita, da gyatsa. Duk wanda ya taɓa ganin saniya ta kumbura, aka huda mata kwiɓin hagu iska ta fito da ƙara, to ya ga irin abin da ake magana a kai, don cikin iskar nan har da metan. In ta hau sama tana riƙe zafi fiye da irin iskar da ke fita daga hayaƙin mota, wajen ninki 28 in an auna a kan shekara 100.

Abin da ya fi damuna a matsayina na mai duba dabbobi shi ne wannan: iskar nan abinci ce da ta tsere. Masana sun auna cewa daga kashi 2 zuwa 12 cikin 100 na ƙarfin abincin da saniya ta ci, a gyatsa yake tafiya. Ba ya zama nono, ba ya zama nama. Kuma karan gero da ya kwana wata biyar a gona, rana ta ƙone shi, gara ta ci rabonta, yana cikin abincin da asararsa ta fi yawa, don yana daɗewa a tumbi kuma ɗan abin da ke cikinsa kaɗan ne.

A 2010 hukumar abinci ta duniya, FAO, ta fitar da lissafin iskar da ke fita kafin a samu kilo ɗaya na madara. A ƙasashen Turai da Amurka kilo 1 zuwa 2 ne. A ƙasashenmu na kudu da Sahara, wajen kilo 7 da rabi. Wanda ya ji haka zai ce shanunmu sun fi nasu gyatsa. A'a, saniyar Turai ta fi tamu ci, ta kuma fi ta fitar da iska nesa ba kusa ba. Bambancin a ƙwarya yake. Saniya sai ta fara ciyar da jikinta, ta yi numfashi, ta taka zuwa rijiya ta dawo, sannan abin da ya rage ya sauka hantsa. In abincin bai wuce na riƙe rai ba, za ta yi ta gyatsa daga safe har dare, a tatso ɗan abin da bai rufe gindin ƙwarya ba. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Kada in ɓoye muku ɗaya gefen, don na ji wasu masu porje suna tsallake shi. Saniyar da ta ƙoshi, iskar da take fitarwa a yini ba ta raguwa, tana ma iya ƙaruwa. Abin da ke raguwa shi ne rabon kowace lita. Misali, in shanu uku na ba ka lita uku, ka gyara musu ci suka ba ka shida, iskarsu ba ta ninka ba amma nono ya ninka. Haka ma karsanar da ke haihuwar fari sai ta haura shekara huɗu, da saniyar da ke tsallake shekara ba ta ɗauki ciki ba saboda yunwa: duk tsawon lokacin nan ci suke suna gyatsa, ba maraƙi ba nono.

Ban yarda a ɗora wa makiyayin Adar laifin zafin duniya ba. Masu binciken cibiyar CIRAD ta Faransa sun auna wani yankin kiwo a Ferlo ta ƙasar Senegal, suka samu cewa abin da itatuwa da ƙasar wurin ke shanyewa ya kai abin da dabbobin ke fitarwa. Ƙasar Danmak da ta yanke shawarar sa haraji a kan iskar dabbobi daga 2030, nata shanun da namu ba hanyarsu ɗaya ba. Akwai kuma wani gari mai suna Bovaer da Tarayyar Turai ta amince da shi a 2022, wanda ke rage metan da kusan kashi 30 cikin 100. Sai dai dole ya kasance gauraye cikin abincin da saniya ke ci kullum a kwami. Wa zai bi garke zuwa arewa da damana yana barbaɗa gari? Wannan ba namu ba ne, kuma in wani ya zo muku da tallar makamancinsa, ku tambaye shi lita nawa zai ƙara.

Namu yana gona. Harawar wake da ta gyaɗa, in an yanke su da sauran kore aka shanya a inuwa aka ɗora bisa rumfa, sun fi kara ƙarfi sosai, kuma dami kaɗan da yamma kan sa halittun tumbi su narka karan da kyau. Ga kowar wake, ga dussa, ga ƴaƴan gawo da ke zuba daidai lokacin da ciyawa ta ƙare. Masu gona a fadamun Majiya da filin noman rani na Ƙonni suna da dama da wasu ba su da ita, ta shuka dolik ko wake don ganye. Shi kansa karan ana iya gyara shi: a sassare shi ƙanana, a narka kilo 5 na takin ure cikin lita 50 na ruwa a yayyafa wa kilo 100 na kara, a danne a rami a rufe ruf sati uku, a buɗe ya sha iska kafin a ba da. A nan sai na ja kunne. Ure guba ne in dabba ta ci shi tsurarsa ko ta sha ruwansa. A auna da sikeli, ba da ido ba, kuma kada a ba maraƙin da bai fara tuƙa ba. Wanda bai taɓa yi ba ya kira ma'aikacin kiwo a yi na farko tare.

Kuma abinci ba ya aiki a cikin da tsutsa ta cika. Shanun da ke sha a tabki da bakin madatsar ruwa, a duba su don ciwon hanta, in ba haka ba dussar da ka saya da tsada wasu kake ciyarwa.

Inda nake saɓawa da wasu dattawanmu shi ne rabon abincin. In buhu ɗaya ne, akan zuba wa garke duka don kada a ce an yi son kai, kowace ta lasa ba wadda ta ƙoshi. Ni a ganina masu tatsa da masu tsohon ciki su ne na farko. Ba zan ce wa kowa ya rage garkensa ba. Wanda ya ga abin da fari ya yi wa dabbobi a 2010 ya san dalilin da ya sa makiyayi ke son yawa. Amma tsohuwar da haƙoranta suka ƙare, ta shekara biyu ba haihuwa, gara a kai ta kasuwa da kaka tana da nama, kuɗinta ya zama harawar ƴan uwanta, da a jira bazara a sayar da ita tana kwance.

Saura ƙungiyoyinmu. Kowa ya san damin harawa da kaka da damin harawa a watan Mayu ba kuɗinsu ɗaya ba, kuma duk shekara mukan bari ƴan kasuwa su kwashe da arha, mu bi su mu saya da tsada. A taron da za ku yi kafin girbi, ina roƙo a sa wannan a gaba: nawa za a ware daga asusu don sayen harawa da dussa tun suna ƙasa, ina za a ajiye su ruwa da gara ba su taɓa ba, kuma wa zai riƙe makulli. A sa mata masu tatsa cikin masu yanke shawarar, don su ne suka san saniyar da nononta ya fara ja baya tun kafin mai garken ya lura.